Ranar da Na Saki Tantabarar Baba a Funtuwa

Shekarun baya, lokacin da kiwon tantabaru ya shiga raina, wani dattijo a Tudun Jukun ya ba ni aron wata tantabara mace ƙwaya ɗaya. Tun ƙuruciyarsa yake riƙe da jinin, ya san uwarta da kakarta har kakar kakarta. Cuta ta share masa keji, ita kaɗai ta rage mace. Ya ce in haɗa ta da namijina mu raba 'ya'yan.

"Amma ɗana, ba ta gasa ba ce, ta iri ce. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Kwana tara da kawo ta gidanmu a Tudun Wada, abokina ya ɗaga fiffikenta a majalisa ya taɓe baki. "Wannan ce ake ta zuzutawa? Gauraye ce, malam. Ko daga nan Kwangila ka sake ta sai ta ɓata."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa, gwanin zuciya, na ce a kai ta Funtuwa.

Ranar Asabar abokin nawa ya shiga mota da ita a kwali. Ƙarfe goma ya kira: "Na sake ta."

Na ɗauko kujera na zauna tsakar gida, wuya a sama. Sha ɗaya ta yi. Azahar ta yi. Duk tsuntsun da ya gifta sai in miƙe in duba. Mahaifiyata ta ajiye min tuwo har ya huce. Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ga wani shaho yana ta shawagi saman masallaci.

"Tashi ka je ka faɗa wa mai ita," in ji mahaifiyata. "Kar ya ji a bakin wani."

Na hau acaɓa ina ta shirya ƙarya a zuciya, ko ɗaya ba ta zauna ba. Na same shi a zaure. Na durƙusa.

"Baba, na ci amanarka. Na sake ta a Funtuwa."

Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Goma."

"To, kafin sha biyu ta sauka nan, tana haki. Na zauna ne in ga ko kai ma za ka zo."

Ashe gidan da aka ƙyanƙyashe ta ta nufa, ban ma yi wannan tunanin ba. Na miƙe da murna zan shiga in ɗauko ta, ya ɗaga hannu.

"Bar ta. Ta gama zama wurinka."

Bai yi min faɗa ba, bai kuma sake ba ni ko ƙwai ɗaya ba har ya bar duniya. Abokina ya yarda 'yar asali ce, amma yardar tasa ba ta amfane ni da komai ba. Har yau in aka taɓa ni a majalisa na ji zuciya ta taso, wannan ɗaga hannun nake tunawa, sai in yi shiru.