Maɓallan da Ishaya Ya Manne da Gam

Wata rana, a Kafanchan, wani makaɗin jitar bes, irin mai kaurin muryar nan, mai suna Ishaya ya buɗe bayan jitarsa, ya sauya 'yar na'urar da ke gyara mata murya.

Maɓallai uku gare ta: na kauri, na tsakiya, na kaifi.

Kwana goma sha tara ya yi yana murɗa su a ɗakinsa, tsakanin katifa da labule da tulin tufafi, har muryar ta fito yadda ransa yake so.

Sai ya tuna abokan kiɗa ba sa ganin maɓalli su ƙyale.

Ya sayo gam mai kama ƙarfe. Ɗigo biyu ga kowanne. Ya kwanta da kwanciyar hankali.

Ranar Asabar Oga Tanimu, shugaban wata ƙungiyar makaɗa, ya kira shi gwaji a walimar ritayar wani hedimasta. Gurbi ɗaya ne, masu nemansa huɗu.

Zauren kuwa tayil ne a ƙasa, kwano a sama, babu ko labule. Lasifikar haya ce, ba ta da abin murɗawa sai na ƙara da ragewa.

Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu Ishaya ya taɓa tsirkiyar farko.

Rufi ya amsa. Cokula suka hau rawa cikin faranti. Hoton hedimasta ya zame daga bango, ya sauka cikin kular shinkafa.

Aka rage lasifika, muryar jitar ta ɓace. Aka ƙara, rufi ya dawo bakin aiki.

Oga Tanimu ya matso yana yaƙe saboda baƙi.

"Ishaya, rage kaurin nan, don girman Allah."

"Oga, ba ya raguwa. Na manne shi. A ɗakina daidai yake."

"To madalla. Ɗauki jitarka ka koma ɗakin naka ka kaɗa, mu za mu saurara daga nan."

Ishaya ya fita ta ƙofar baya. Gurbin ya tafi ga wani mai tsohuwar jita, wadda maɓallanta har girgiza suke yi, amma suna juyawa.

Darasi: Abin da ka daidaita kai kaɗai a ɗakinka, kada ka ɗiga masa gam. Ba kowane zaure ne yake da katifarka ba.

Ka tura wannan ga ɗan'uwan nan da ya manne ra'ayinsa tun shekaru goma da suka wuce. Ka san shi.