Alli a Ƙofar Mai Ƙosai

Shekarar korona, da aka sake mu daga kulle, na koma suyar ƙosai a ƙofar gidanmu a unguwar Television. Kanikawan bakin titi su ne masu cinikina. Kafin rana ta ɗaga sun kwashe shi tas, da shi nake ci da gidana.

Wata safiya sai ga mata biyu da fararen riguna da takunkumi. Suka wuce gidan dama, ba su kalli na hagu ba, suka tsaya a kaina.

"Mama, ɗigon jini muke so," in ji babbar. "Wasu suna yin cutar nan ba tari ba zazzaɓi. Ko ta wuce, jini yakan riƙe alamarta. So muke mu san mutum nawa ta ratsa ba su sani ba."

Na ce, "Duk layin nan sai gidana? Wa ya turo ku?"

Wai ba kowa, tsallake gidaje suke yi bisa ƙidaya. Su dai suka sani! Ni na ga mai shayin tsallaken titi ya saki aikinsa yana kallonmu, shi da ya daɗe yana jin haushin kanikawa sun bar burodinsa. Har gobe ban yarda da shi ba.

Na miƙa yatsa don su tafi su ba ni wuri. Can sai babbar ta ɗaga murya saboda takunkumin: "Kin taɓa yi, Mama, amma ta wuce tuntuni."

Ni? Ni da ko atishawa ban yi ba!

Ƙaramar kuma ta zaro alli ta yi rubutu a ƙofa, don kada abokan aikinsu su maimaita gidan. Masu rigakafi ma haka suke yi, amma su kowace ƙofa suke shafawa. Wannan tawa ce kaɗai.

Na goge allin, amma an riga an gani. Washegari ƙosai ya huce a tire. Kanikawa suna ɗago mini hannu daga nesa, "Mama, ya jiki?" Wallahi ji na yi kamar in jefe su da matsami.

Don kada ya lalace, na juye a kwano na ƙulle a leda, na ba wani mai keke ya kai wa ƙanwata a Barnawa, ko ba komai 'ya'yanta sa ci. Da la'asar ya dawo da kwanon a cikin ledarsa, ƙullin da na yi ko taɓa shi ba a yi ba. Ya ce ta ce a gaishe ni, sun ƙoshi.