Mma Awawu, Mai Daka a Hawa na Bakwai

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, cikin watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Mma Awawu, mahaifiyar Abdul-Razak, a wani asibiti a nan Doha bayan gajeriyar jinya. A nan aka yi mata sutura, kamar yadda ta yi wasiyya. Ni ce Sauda, maƙwabciyarta ta hawa na shida. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ba zan iya yin shiru ba.

Mma, kin san halin da kika same ni a ciki. Maigidana Badaruddeen ya ɗauko ni daga Gusau ya sauke ni a sabon dogon gini a unguwar Mirƙab, inda aka rushe tsofaffin gidaje aka jera benaye saboda yawan baƙin da ke shigowa. Gini ne mai kyau. Fitila tana kashe kanta, sanyi yana fitowa daga rufi, ruwan da muka yi wanki da shi ake tacewa a shayar da shuke-shuken ƙasa. Amma kowace ƙofa a rufe take. Shi ya tafi aiki, ni in wuni ban yi sallama da kowa ba. Har na ce masa ya mayar da ni gida, in ya so ya riƙa zuwa hutu. Na ma fara haɗa kaya.

Sai wata Juma'a da hantsi na ji dum, dum, dum a saman kaina. Na ce kewar gida ce ta fara taɓa ni. Na kasa kunne. Wallahi daka ne, har da ɗan jinkirin nan na mai juya abu a turmi. Na zari mayafi na hau bene da gudu, ko takalmi ban sa daidai ba.

Ƙofarki a buɗe take, kin tokare ta da bokiti. Kina zaune a kujera 'yar tsugunno, surukarki Fausiya tana riƙe da taɓarya. Ba ki tambayi sunana ba. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, “Ɗiyata, tsayuwar me kike? Karɓi hannun ƙanwarki, ta gaji tun ba a je ko'ina ba.” Na karɓa. Ina daka ina kuka, ke kina juya fufu, sakwarar nan ta rogo, kina dariya, kina cewa in rage hawayen, miyar da gishirinta.

A ranar na ji labarinki. Daga zangon Kumasi kika zo rainon jikoki, ɗanki yana aikin tsaro a filin jirgi. Tufafinki kika rage a akwati don turmin ya samu wuri. Kika ce zane ana sayensa ko'ina.

Abin da ba mu sani ba, ni da ke, shi ne daka a bene ba ya tsayawa a ɗaki ɗaya. Yana bin ƙarfe da siminti har ƙasa. Wata 'yar Filifin a hawa na uku ta ɗauka gini ne ke tsagewa, ta kwashi 'ya'yanta ta yi waje. Mai kula da ginin, wani dattijo Ba'indiye, ya hau yana haki, yana cewa, “Khalas, Mama, khalas!” wato ya isa haka. Daga baya aka gargaɗi Abdul-Razak cewa in aka sake, za ku bar gidan. Samun wurin da zai ɗauki iyali a garin nan ba wasa ba ne. Na san in kika tafi, ni ma tafiya zan yi.

Ke kuwa ko a jikinki. Kika ce laifin namu ne, turmi da ƙasa aka san shi. Juma'ar da ta biyo kika sa muka sauko da shi bayan ginin, cikin inuwar shuke-shuken nan da ba mai zama wurinsu. Kwanon farko kika aika wa 'yar Filifin, na biyu dattijon. Ya ci yana share gumi saboda yaji, ya ce wannan ba abinci ba ne, hukunci ne. Kika ce, “To kawo kwanon.” Ya ƙi bayarwa.

Daga nan wurin ya zama tsakar gidanmu. Matan Sudan suka zo da shayi. Likita Hannatu, da muke haɗuwa a lif ba ma ko gaisawa, ashe 'yar Kaura ce, kusa da garinmu Gusau. A wurin aka yi kitso, aka yi sulhu, aka samo wa baƙuwa ɗaki. Kullum kina tsokanata wai ni matar injiniya ce amma taɓarya ta fi ni ilimi. Ban san ranar da na kwance kayana ba. Maigidana ne ya lura akwatin ya koma saman kabad, sai ya sayo miki buhun rogo.

Da kika rasu, ɗakinku ya kasa ɗaukar masu gaisuwa. Dattijon nan da kansa ya yi ta jido kujeru zuwa bayan gini, yana kuka bai ɓoye ba. A can muka yi zaman makoki, mutane daga kowane hawa, kowa da yarensa. Maigidana ya tambaye ni a hankali ko yanzu zan so komawa Gusau. Na ce masa a'a. Uwata tana kwance a ƙasar nan, kuma Fausiya ba za ta iya da yara ita kaɗai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abdul-Razak da Fausiya, da jikokinki Ruƙayya da Masahudu, da dangi na Kumasi. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Allah Ya jiƙanki, Mma, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika yalwata mana wuri a inda muke cikin ƙunci, Allah Ya yalwata miki kabarinki, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari a Aljanna. Amin.