Yaya Sanusi da Na'urar da Ya Kashe a Bakin Rijiya

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sanusi, mai yasar rijiya a Ƙofar Guga, amma har yanzu in na ji ƙarar guga a bakin rijiya sai gabana ya faɗi.

Yaya ba mai ganganci ba ne. Cikin masu sana'arsa shi ya fara sayen na'urar nan da ake ratayawa a ƙirji, mai kuka in iskar numfashi ta yi ƙaranci a rami. Daga Legas aka kawo masa ita. Sai dai tun zuwanta take kuka babu dalili, ko a tsakar gida. Har Inna, mahaifiyarmu, takan ce, "Sanusi, mi ya samu 'yar taka kuma?" Shi ko sai ya yi dariya.

Ran da ya tafi yasar wata tsohuwar rijiya a Batagarawa, tun yana bakin rami na'urar ta fara kuka. Ya ce wa abokin aikinsa, "Ƙyale ta, halinta ne." Ya kashe ta, ya sauka, ashe can ƙasa babu iskar numfashi. Da igiya aka jawo shi, babu rai.

Sai daga baya wani injiniya ya warware mini. Iska ma nauyi gare ta, kuma ta bakin teku ta fi tamu ta nan tudu nauyi. Na'urar a can aka saita ta, shi ya sa a Katsina take ganin iskar numfashi ta kasa alhali lafiya lau. Da an sake saita ta a fili, da ta yi shiru, ran da ta yi kuka kuwa an san da gaske take. Babu wanda ya gaya wa Yaya haka. Rashin sani ya fi dare duhu.

Nakan ce, da zai leƙo yau ya ga yaransa na aiki suna saita tasu kafin su taka igiya, me zai ce? Wataƙila daɗi zai ji. Ni dai in na gani kuka nake. Na san in ajali ya yi kira ko babu ciwo sai an je, amma zuciya ba ta jin wa'azi kullum.

Bara na je gidan da abin ya faru a Batagarawa. Rijiyar tana nan, ana sha. Matar gidan ba ta san ni ba, ta ɗebo mini a moɗa, ta ce, "Malam, sha, ruwanmu da daɗi." Na sha. Da daɗin kuwa.

Allah ya jiƙanka, Yaya.