Ummi ta shafa wa ruwa ja

Ina tsaye a ƙofar ajin ƙanwata Ummi, 'yar aji ɗaya. An ce ta zo da babba. Baba yana aiki, Umma tana jego, sai aka turo ni, ni da ko a ajinmu ba na iya ɗaga hannu.

Malamarsu, sabuwar zuwa daga Zawaciki, ta miƙo min zane. Kaloli suke koyo a makon nan. Kowa ya shafa wa ruwa shuɗi, Ummi ta shafa ja.

"Ba yau ta fara ba. Ina tsoron ko idonta ne," in ji Malama.

Na juya na dubi Ummi.

Malama ta durƙusa. "Ummi, ruwa wace kala ne?"

"Na wace rana, Anti? Jiya ja ne, yau kore."

Sai na tuna kwatar kamfanin rini da ke bayan gidanmu a Sharaɗa, wadda ruwanta ke canza kala kullum. Na daure na yi bayani. Malama ta zube fensiran kala, Ummi ta faɗe su duka daidai.

Alhamdu lillahi, idonta ƙalau. Abin da take gani kullum ta zana.

Ku a unguwarku, wace kala yara za su shafa?