Motar da Ta Dawo Ba Kaya

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni a sitiyari, dattawan ikilisiyarmu biyu a gefena. Tuƙi ne sana'ata, kuma da shi nake yi wa ikilisiya hidima in an neme ni. An ce za mu wani ƙauye bayan Dakoro mu kwaso Malam Iliya, mai bisharar da ya tsufa a can, don kwamiti ya yanke a mayar da shi birni. Wai ya daɗe yana shuka ba tsiro, masu zuwa sujada wurinsa har yau ba su cika tabarma biyu ba. Tun nan raina ya fara ɓaci.

Damina ta zauna sosai, gero ya kai gwiwa, ruwa kuma ya cinye gefen kwalta a wurare da dama. A Dakoro muka tsaya shan shayi. Esansin kwalba, wato fetur, ya yi tsada har sai da na sake tambayar mai sayarwa ko da kwalbar yake nufi. Babban dattijon, wanda ya cika mana kunne da wa'azin tsimi tun daga gida, ya sayi kilishi da cuku ya cusa a jaka bai ce wa kowa bismilla ba. Daga nan muka bar kwalta muka shiga rairayi ta wajen Azagor, muna ratsa garkunan shanu da raƙuma masu hawa arewa.

Gidan Malam Iliya ɗakuna ne na laka da 'yar rumfar sujada, amma rumbunan da ke bayansa sun fi ƙarfin gonarsa nesa ba kusa ba. Ashe makiyayan wurin, Musulmi ne dukansu, in za su yi arewa da dabbobi, a hannunsa suke barin abin da ba za su iya ɗauka ba: buhunan gero, turmi, akwatunan ƙarfe, kayan ɗakin mata. Bana har da wata tsohuwar Bafulatana da ƙafa ta gaza mata, 'ya'yanta suka bar ta wurinsa sai kaka. Mun tarar da matar Malam tana dama mata fura.

Da aka gaisa aka sha ruwa, babban dattijon ya faɗi abin da ya kawo mu, ya ƙara da cewa, "Malam, rayuka aka aiko ka nema, ka koma mai gadin buhu."

Malam Iliya ya ce, "Dattijo, gaskiya ne mutanen ga ba su shiga sujada. Amma da sunka nemi inda za su bar uwarsu, ƙofar ga sunka zo. In na hau mota yau, su dawo su iske kango, sunan wa za a zaga, nawa ko na Almasihu? Wanda ya kira ni nan bai sallame ni ba tukuna."

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan. Ina! Sai suka ce tunda ya ƙi bin umarni, ya ba da moto, wato babur ɗin da ke hannunsa, ai na ikilisiya ne. Moton da yake kai tsohuwar nan likita da shi, yake kai matan ƙauyen haihuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin bai yi gardama ba, ya turo shi da kansa har gindin mota ya miƙa makulli. Suka ce in ɗora. Nan fa haƙurina ya ƙare, na ce motar tawa ce, kuma ba za ta ɗauki wannan kaya ba, wanda ya matsa sai ya tuƙa shi da kansa cikin rairayi har Maradi. Dattawan suka dubi juna, suka dubi rigunansu masu guga, makulli ya koma hannun Malam.

Dawowa ba wanda ya yi mini magana, kilishin ma a ɓoye aka cinye shi. Mun shigo gari da la'asar, na tarar matata ta share ɗakin baƙi ta shimfiɗa wa Malam Iliya sabuwar tabarma. Na ce ta naɗe abarta, baƙon yana bakin aikinsa.

Har yanzu ina jin haushi. Mu da ke zaune a birni ƙarƙashin fanka mun mayar da kiran Allah abin aunawa da yawan kawuna, mun manta cewa wani kiransa shi ne ya zauna wuri guda har a yarda da shi. Ni ma tafiyar ta nuna mini nawa kiran, ni da a da nake ganin tuƙi ba kira ba ne. Kwamiti ya aiko cewa ba za a ƙara nemana ba, na ce to. In kaka ta yi zan koma da kaina, da esansina, in kai wa Malam sabuwar tayar moto, don wadda na gani ta baya ta cinye har zare.