Takalmin da ƙanen mijina ya ara

Takalmin fata guda ɗaya tal mijina yake da shi, baƙi mai igiya, kuma ni shaida ce ya fi kula da shi a kan cikinsa. Malamin lokol ne, wato makarantar boko, a ƙauyukan da ke kewaye da Dogon Dutsi ya yi yawancin aikinsa, ni da kowa Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malaman lokol. In damina ta sauka ya iske ruwa ya yanke hanya, sai ya tuɓe takalmin, ya ɗaure igiyoyin biyu, ya rataya a wuya, ya naɗe wando ya shiga. Mutane su yi ta dariya, wai ga mutum yana goyon takalmi ƙafarsa tana shan ƙaya. Ko a jikinsa.

Tun ina amarya ya koya mini dokokinsa, kuma da faɗa na koya. Jiƙaƙƙen takalmi ba ya ganin rana, ba ya jin wuta. A goge taɓon da tsumma mai ɗan laima, a zare igiya, a cusa masa tsofaffin takardun kaye, wato littattafan rubutu, na 'yan lokol har ya cika, a ajiye a inuwar rumfa inda iska ke ratsawa. Gobe a fitar da takardun da suka jiƙe a sa busassu. Sai ya bushe don kansa, kwana biyu ko uku, sannan a naɗe yatsa da ƙyalle a shafa siraj, man goge takalmi, kaɗan-kaɗan, a bari fata ta sha, a bi da buroshi. A tsakiyar damina kuwa ba a barinsa ƙarƙashin gado, fumfuna za ta hau shi. Saman akwati ne wurinsa.

Daf da hutun ƙarshen shekarar karatu hawan jini ya kayar da shi a gaban allo. Ɓarin hagu ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Likita ya ce mana a fili: ƙafar za ta iya dawowa, amma sai in ya yarda ya wahala, kullum a tashe shi ya taka. Ya yarda. Kowace safiya nakan sa kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa in ɗaga shi, ya dafa bango, ya ja ƙafar daga bakin gado zuwa ƙofa yana gumi yana zagin ta. Abu ɗaya ya sa a gaba, rantire, ranar da za a koma lokol bayan damina. Ya ce a ranar da ƙafarsa zai shiga aji, cikin takalminsa. Duk Juma'a sai in sauko da shi daga kan akwati, in riƙe masa, shi kuma ya goga buroshi da hannun dama. Takalmin da ba a taka ba, me zai same shi? Amma ban taɓa cewa uffan ba, don na ga bayan kowace gogewa yana ƙara taku biyu ko uku.

A wata irin wannan Juma'ar ce ƙanensa ya faɗo mana daga Ɗan Kassari a kan babur, tare da uwarsu da ta zo dubiya. Ƙanen miji abokin wasa ne, kowa ya sani. Matata yake ce mini, ni kuma na sha ɓoye masa hula, na sha ce masa raggo a gaban baƙi. Ya shigo ya iske takalmin a hannuna yana sheƙi.

"Matata, wa kika gyara ma wanga takalmi?" ya ce. "Mutumen da ko bayan ɗaki sai an ɗauke shi? Ba ni nan, ni ka da ƙahwa. Abokina za shi aure jibi, ni na babban aboki."

Uwarsu ta rufe baki da gyale tana dariya. Mushe ma ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa, kuma wannan dariyar har yau tana ƙona mini rai. Na ce ga hadari kullum, hanyar duk ruwa ce. Ƙanen ya ce kishi nake kada 'yan mata su gan shi. Mushe ya dubi ƙasa ya ce, "Ɗauka." Wa ba ya hana ƙanensa kaya a gaban uwarsu. Ni kuma in na ɓata rai an ce ban san wasa ba. Na miƙa masa da hannuna, Allah ya isa tsakanina da wannan hannun.

Sai bayan kwana tara ya dawo da shi, a ƙulle cikin baƙar leda. Allah ya sa a ƙofar gida ya same ni. Kuma abin haushin, da alfahari yake ba ni labari. Ya yi rawa da shi cikin taɓo, ya ratsa ruwa da babur, sannan don kada in yi masa gori ya wanke shi tas da omo a bakin rijiya. Ya ɗora kan kwanon ɗaki a rana. Bai bushe ba, ya jingina shi gefen murhu. Da ya ga ya ƙandare sai ya labta masa man shanu, yadda suke yi wa gugan fata. Ɓera ya ji ƙamshi ya ci dunduniyar ɗaya. Na buɗe leda, ga hancin takalmi ya lanƙwashe sama kamar busasshen kifi, fatar duk ta tsattsage.

"Na gyara miki shi ko?" in ji shi.

Na mayar na ƙulle ledar. Da na buɗe baki a lokacin, da unguwa ta taru.

Na ɓoye shi a madafa, na ce wa Mushe ba a kawo ba tukuna. Mako uku ina wannan ƙarya. In ya yi barcin rana sai in narkar da man kaɗanya a tafin hannu in yi ta murza fatar, in cusa takardu har yatsuna su yi ciwo, ko zai saki. Na kai wa wani tsohon baduku a kasuwa. Ya juya shi, ya matsa da babban yatsa, ya ce, "Ɗiyata, dundunniyag ga ni iya liƙe ta. Amma hwatag ga ta dahu. Abin da ya dahu ba shi komawa ɗanye."

Juma'a ta huɗu Mushe ya ce ya ji ƙarar babur ɗin tun ran da aka zo, in daina raina masa hankali. Na kawo. Ya daɗe yana juya shi a cinya. Bai yi faɗa ba, mutumin da ya taɓa yini bai yi mini magana ba don na bar gwangwanin siraj a buɗe. Ya ce in sa masa a ƙafar dama, mai lafiyar. Na durƙusa na tura, na tura, ko rabi ba ta shiga ba. Ya janye ƙafar.

Washegari na zo ɗaga shi ya ce yau ya gaji. Jibi ma haka. Na lallasa, na yi kuka, na zage shi, ni da ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Na ce a kan fatar akuya zai kwanta ya bar mu? Na ce zan nemo wani takalmin a gwanjo, ya ce in na sayo in kai wa mai ƙafa. Rantire ta zo aka tura wani malami ajinsa. Na san masu ilimi za su ce ciwon ne ya bi hanyarsa. Su faɗa. Ni ce nake ƙirga takun nan kowace safiya, na san ranar da suka tsaya.

Bayan an yanke hatsi ƙanen ya sake zuwa da uwarsu, da ɗan buhun wake a bayan babur. Tun daga zaure ya fara, "Ina matata?" Na ce kada ya ƙara kirana haka. Uwarsu ta riƙe haɓa ta ce, "Duk kan takalmi? Ai wasa na yay yi, ke ma kin sani."

Na ce, "To Inna, ga shi can kwance. Shi shiga shi tada shi da wasan."

Ya shiga yana dariya, don a zatonsa wannan ma cikin wasan ne. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya sa hannuwa ƙarƙashin hammatar wansa yana cewa Yaya tashi mu ba matag ga kunya. Mushe ya ture shi da hannun dama, ya juya fuskarsa bango. Ƙanen ya ƙara kira sau biyu, na biyun da ƙyar muryar ta fito. Da ya waiwayo yana neman in ce wani abu, ban matsa daga ƙofar ba, na bar shi tsaye a kan wansa ya kalla da kyau.